Daga Tsiren Bab Makka Zuwa Gwajin Aure: Yadda Jikinmu Ke Gina Furotin



Akwai tambayoyi biyu da ake yawan yi a tsakanin jama'armu mazauna Jidda, kuma mutane na ɗaukar su kamar ba abin da ya haɗa su. Ta farko ta iyaye mata ce: wane abinci ne yake gina jikin yaro? Ta biyu ta masu shirin aure ce: me ake nufi da AA da AS da SS a takardar asibiti, kuma me ya sa haruffa biyu kacal za su iya tsayar da maganar da aka yi shekara ana yi? Amsar duka biyun tana komawa ga abu guda, wato furotin da ƙananan tubalan da ake gina shi da su, waɗanda masana ke kira amino asid. Wanda ya gane yadda ake jera waɗannan tubala zai san abin da abinci zai iya gyarawa, zai kuma san abin da ba zai taɓa gyarawa ba.

Mu fara daga Bab Makka

Bab Makka ita ce ƙofar gabas ta tsohuwar ganuwar Jidda, ta nan alhazan da suka sauka daga jirgin ruwa ke fita su kama hanyar Makka. An rushe ganuwar a 1947, amma sunan ƙofar ya zauna a kan unguwar da kasuwarta, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin, da yawansu ta wannan gari suka shigo. Wasu sun koma gida, wasu sun zauna, shi ya sa har yau ake samun 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi.

Sun zo da abincinsu. Tsiren da ake barbaɗa wa garin ƙuli ya shiga cikin abincin Hijaz, har mutanen Makka da Jidda na kiransa "sire". A gefensa ga ful da gurasar tamis da safe, ga hanta soyayya, ga balila, ga kifi daga teku. Naman tsire, waken ful, hanta, kifi da gyaɗar ƙuli duk abu ɗaya suke kai wa jiki, shi ne furotin.

Sun kuma zo da wani abin da ba a ɗaure shi a cikin kaya ba. Yana cikin jini, kuma muna gadonsa har yau. Za mu zo kansa.

Mene ne furotin?

Idan aka cire ruwa da kitse, furotin ne ya fi yawa a jikin mutum. Tsoka furotin ce. Gashi da farce furotin ne mai suna keratin. Fata da jijiya da guringuntsi suna tsaye ne da wani furotin mai suna kolajin. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura furotin ne. Sojojin jini da ke yaƙar cuta bayan an yi rigakafi furotin ne. Jan abin da ke cikin jini yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi, wanda ake kira himogulobin, shi ma furotin ne. A 1838 ne masana a Turai suka raɗa masa wannan suna daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar "na kan gaba".

Kowane furotin doguwar sarƙa ce, kamar carbi, kuma 'ya'yan carbin su ne amino asid. Iri 20 ne ake amfani da su, a jikin mutum da raƙumi da dabino da ƙwayar cuta baki ɗaya. Na farko da aka gano, asfarajin, an tace shi ne a Faransa a 1806. Na ƙarshe, tiriyonin, sai a 1935 William Rose ya gano shi a Amurka.

Dukkansu ƙirarsu ɗaya ce ta wani ɓangare. Kowanne yana da hannu biyu: ɗaya mai ɗauke da sinadarin naitirojin, ɗaya kuma mai tsami. Hannun wannan ne ke kama hannun na kusa da shi, a wurin haɗuwar kuma ƙwayar ruwa guda ta fita, haka ake yi har sarƙa ta yi tsawo. Abin da ya bambanta su shi ne wani reshe da kowanne ke da shi a gefe. Reshen wani yana son ruwa, na wani yana gudun ruwa kamar yadda mai ke yi. Wani babba ne, wani ƙarami. Mu riƙe wannan magana ta son ruwa da gudun ruwa, domin a kanta ciwon sikila ya rataya.

Ta yaya iri 20 kacal za su gina dubban abubuwa daban-daban? Duk wanda ya yi makarantar allo ya san amsar. Haruffan Larabci 28 ne, amma da su aka rubuta littattafan da ba sa ƙirguwa. Idan za a jera amino asid biyu, akwai hanyoyi 400. Idan uku ne, hanyoyi 8,000. To furotin da yawa suna da ɗaruruwa a jere. Frederick Sanger na Kambirij a Ingila shi ne ya fara karanta jerin wani furotin daga farko zuwa ƙarshe. Insulin ya karanta, ya same shi da amino asid 51 cikin sarƙoƙi biyu, ɗaya 21 ɗaya 30, aka ba shi kyautar Nobel a 1958. Aikinsa ya tabbatar da cewa kowane furotin yana da nasa jeri tsayayye, ba a haɗa shi da ka.

Daga faranti zuwa jini

Idan muka ci tsiren rago, naman rago ba ya zama naman mutum kai tsaye. Jiki yana kwance sarƙar ne tukuna. A cikin tumbi, ruwa mai tsami da wani sinadari mai suna fefsin su ke fara datsa ta. A ƙaramin hanji wasu sinadaran su ƙarasa, har ta koma amino asid ɗai-ɗai. Daga nan su shiga jini, su bi ta hanta, a rarraba su ga sassan jiki. Kamar a tsinke carbin wani ne a zube 'ya'yan, sannan a sake shirya su a kan sabon zare bisa tsarin mai gida.

Cikin iri 20 ɗin nan, jiki na iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 dole sai daga abinci, kuma jiki ba ya tara su a rumbu kamar yadda yake tara kitse. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, ginin duk furotin da ke buƙatarsa sai ya ja baya, ko da sauran sun yi yawa.

Nama, kifi, ƙwai da nono suna ɗauke da duka 9 ɗin daidai gwargwado. Hatsi irin su gero, dawa, masara, shinkafa da alkama suna da ƙarancin wanda ake kira laisin. Wake da danginsa kuwa suna da laisin sosai, amma suna da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su sai kowanne ya toshe giɓin ɗan uwansa. Iyayenmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma dubi abin da suka bar mana: koko da ƙosai, shinkafa da wake wadda a Gana ake kira waakye daga kalmarmu ta wake, fura da nono, tuwo da miya mai daddawa, ɗanwake. Ful da tamis na Jidda ma a kan wannan tsari yake, wake da alkama.

Akwai abin lura game da ganda. Kusan dukkanta kolajin ce, kuma kolajin ba shi da tiriftofan, ɗaya daga cikin 9 ɗin. Tana da daɗi a miya, amma ba za ta tsaya a madadin nama ko kifi ko ƙwai ga yaro mai tasowa ba.

Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 50. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Mai ciki, mai shayarwa, yaro da tsoho suna buƙatar kulawa ta musamman, mai ciwon ƙoda kuma ya bi ma'aunin da likitansa ya ba shi.

Illar rashin furotin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a Akara ta yi bayanin wani ciwo na yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla: ƙafafu su kumbura, ciki ya fito, gashi ya yi ja ya yi laushi. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, sunan da duniya ta ɗauka. Wannan matsala ce ta ƙarancin tubali, kuma abinci mai kyau tare da kulawar asibiti na magance ta.

Wa ke tsara jerin?

Tubali ya samu. Saura tsarin gini. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, wanda muka gada rabi daga uwa, rabi daga uba. Haruffansa huɗu ne kawai: A, T, G da C. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, suna dogaro da hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. A cikinsa akwai umarnin gina furotin wajen iri 20,000.

Ana karanta rubutun ne haruffa uku-uku. Kowace kalma mai haruffa uku tana nufin amino asid guda. Kalmomin 64 ne: 61 suna kiran amino asid, 3 kuma suna cewa "tsaya nan, an gama". Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka karanta kalmar farko a 1961.

Aikin yana tafiya kamar haka. Ainihin rubutun ba ya fita daga ma'ajiyarsa da ke tsakiyar ƙwayar halitta, kamar littafin malam da ba a ba da aronsa. Sai a kwafi shafin da ake buƙata a kan wani abu mai kama da shi da ake kira RNA, kamar ɗalibi ya kwafa a allo. Kwafin ya fita zuwa wurin wata 'yar na'ura mai suna ribozom. Ita kuma tana bin kwafin kalma bayan kalma, wasu ƙananan 'yan dako suna kawo mata amino asid ɗin da kowace kalma ta kira, tana ɗaura shi a jikin na baya.

Bayan sarƙar ta kammala, ba ta zama a miƙe. Tana naɗewa ta ɗauki wata siffa ta musamman: masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su fito waje. Wannan siffar ce ke ba furotin damar yin aikinsa, kamar yadda yankan makulli ke sa ya buɗe ƙofarsa. Idan siffar ta lalace, aiki ya tsaya. Muna ganin haka kullum idan aka dafa ƙwai: zafi ya warware naɗin furotin ɗin, ruwan da yake garai-garai ya daskare ya yi fari, kuma ba ya komawa.

Tubali ɗaya a gurbi na shida

Ɗaliban Larabci sun san cewa ɗigo ɗaya ne tsakanin "rahim" da "rajim". Irin wannan ne ya faru a jinin masu sikila, ciwon da muke kira amosanin jini.

Himogulobin na babban mutum yana da sarƙoƙi huɗu: biyu masu suna alfa, kowace da amino asid 141, biyu masu suna bita, kowace da 146. A gurbi na shida na sarƙar bita, rubutun DNA na yawancin mutane yana cewa GAG, wato gulutamik asid, mai son ruwa. A wurin wanda ya gaji sikila harafi ɗaya ya sauya, ya zama GTG, wato balin, mai gudun ruwa. Sauran 145 ɗin duk daidai suke.

Sai ga mai gudun ruwa a waje, inda ruwa yake. Da zarar himogulobin ya sauke iskar oksijin, wannan gurbi sai ya nemi inda zai maƙale, ya maƙale a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya maƙale a na gaba, har su zama dogayen sanduna. Jar ƙwayar jini, wadda asalinta zagayayya ce mai laushi, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi ke cunkushewa a ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi da na ƙirji ke tasowa. Kuma ba su da tsawon rai: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Dalilin ƙarancin jini da rawayar ido ke nan.

Likita James Herrick ya fara bayyana wannan siffa a Chicago a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himogulobin take. Vernon Ingram, a Kambirij, tsakanin 1956 da 1957, ya gano cewa amino asid ɗaya tak ya sauya.

Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. A wannan gurbi na shida ɗin dai, laisin ne ya shiga a maimakon gulutamik asid. Wanda ya gaji S daga ɗaya cikin iyayensa, C daga ɗayan, shi ne SC, kuma shi ma nau'in ciwon sikila ne. 'Yan uwanmu na zangunan Kumasi da Akara da Tamale su lura da wannan harafi.

Me ya sa abin ya yi yawa a cikinmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Don haka a ƙasashen sauro suka fi tsira tun suna yara, suka hayayyafa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon a duk shekara a ƙasar. Ba ciwon baƙar fata kaɗai ba ne. A Saudiyya yana da yawa a Ƙaɗif da Ahsa a gabas, da Jazan a kudu maso yamma, kuma akwai shi a Indiya da Girka.

Abin da abinci ba zai gyara ba

Ga inda mutane ke ruɗewa. Gulutamik asid ɗin da ya ɓace a gurbi na shida ba ƙarancinsa ake yi ba. Jiki na haɗa shi da kansa, kuma shi ne ke ba daddawa da ɗunƙulen miya ɗanɗanonsu. Mai sikila yana da shi a jiki kamar kowa. Rubutun ne ya ce a sa balin a wurin, ribozom kuma abin da aka rubuta take bi. Saboda haka babu nama, babu zuma, babu jiƙo, babu wani garin da ake tallatawa a WhatsApp da zai mayar da SS ya koma AS ko AA. Duk wanda ya ce zai iya, kuɗinku yake nema. Haka kuma ba maita ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, domin sai an gada daga ɓangarori biyu. Da yawa daga cikin yaran da a da ake kira 'yan wabi mai yiwuwa wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Wannan ba ya nufin babu taimako. Masu sikila da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure. Akwai maganin haidiroksiyuriya da ke sa jiki ya ƙara yin irin himogulobin na jarirai, wanda ba shi da sarƙar bita, sai rikicin ya ragu. Akwai rigakafin cututtuka, da ƙarin jini idan ta kama, da dashen ɓargo ga wanda ya samu mai ba shi da ya dace. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy da ke taɓa rubutun DNA ɗin kansa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A zafin Jidda kuwa, ƙishirwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai sikila da zai yi Umra ko Hajji ko azumi ya fara ganin likitansa, ya yawaita shan ruwa, ya guji ɗawafi da tsakar rana da kuma shiga sanyin na'ura mai tsanani da gumi a jiki.

Kafin a kai kayan sa rana

Lissafin gado a fili yake. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. A kowane ciki ne, ba a cikin kowane yara huɗu ba. Ana iya haihuwar uku a jere duk SS, ana iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Mai AS lafiyarsa ƙalau a yawancin lokaci, don haka ba a gane shi da ido. Auren zumunci, wanda muka fi yi a zaman baƙunta domin riƙe dangi, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da S biyu su haɗu.

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin sikila da talasimiya kafin ɗaurin aure, a 2008 ta ƙara da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Idan sakamako bai dace ba ana ba masu niyya shawara, zaɓi kuma ya rage nasu. A 2024 Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure. Sai dai aurarrakinmu da yawa ana shirya su ne tsakanin Jidda da gida, ango a nan, amarya a Maraɗi ko Kumasi, kuma ba ko'ina ake tambayar takarda ba. A irin wannan hali nauyin yana wuyan iyaye da waliyyai.

Kiranmu ga matasa shi ne kowa ya san nasa harafin tun kafin ya fara neman aure, ba bayan zuciya ta riga ta kamu ba. A nemi gwajin da ke bambanta A da S da C a asibitin da aka amince da shi, idan an yi shakka a maimaita. Kiranmu ga iyaye da limamai shi ne a tambayi takardar tun a gaisuwar farko, kafin a kai kaya, domin janyewa a lokacin ba ta zubar da mutuncin kowa. Kada kuma a mayar da masu SS ko AS abin gudu: idan mai SS ya auri AA, 'ya'yansu AS za su kasance, ba masu ciwon ba. Ga iyaye mata, yaron da aka yaye kada a bar shi da koko ko shayi da gurasa kawai. A haɗa masa da ƙosai ko ƙwai ko nono ko kifi ko garin gyaɗa.

Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar sikila ta duniya. Muna roƙon shugabannin zango da ƙungiyoyin matasa su riƙa amfani da ita wajen gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a bayani, da ziyartar gidajen da ke jinyar masu wannan ciwo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya ba mu zuri'a mai albarka. Amin.